Kunkurun Baƙin Dutse

Shekara arba'in da ɗaya na yi da Eleuterio Pincay kafin ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kuma a duk shekarun nan ban taɓa raka shi yawon bakin teku ba. Ba hana ni ya yi ba, aikin gida ne ya ishe ni. Shi ne mai fita da sassafe idan ruwa ya ja baya, ya bi yashi tun daga bakin kogi har Baƙin Dutse, ya dawo da buhu cike da abin da teku ta tofo: katakan jiragen da suka farfashe, kumba, fasassun kwalabe da ruwa ya cinye musu kaifi, wani lokacin ma ƙashin kifin da ba wanda ya san sunansa. Sai ya ɗauraye su, ya shanya a kan rufin kwano, ya zauna a ƙofar gida yana zana tsuntsayen da ya gani a jikin katakan. Asalin sana'arsa rubuta wa jirage suna ce, rabin kwalekwalen ƙauyenmu Punta Lisa hannunsa ne a jikinsu. Zanen tsuntsayen kuwa baƙi ke saya, 'yan Quito da Guayaquil masu zuwa shan iska.

Wata ranar Talata yana tsakiyar rubutu a jikin jirgin maƙwabcinmu Don Crisanto, buroshi ya suɓuce masa, shi ma ya bi shi ƙasa. Wata biyu muka yi a asibiti a Manta. Aka sallamo mana shi da karkataccen baki, da hannu da ƙafa kamar na aro. Maganarsa ni kaɗai nake ganewa a duk ƙauyen.

Daga nan ranata ta koma iri ɗaya. In tashe shi, in jingina shi, in fitar da fo, in yi masa wanka da tsumma, in kirɓa ayaba da gyaɗa in ba shi a baki da baƙin kofi. Eleuterio ba ƙaramin mutum ba ne, ciwo ma bai rage masa nauyi ba. 'Yarmu Marisela na aiki a Guayaquil, duk Lahadi takan bugo waya ta ce in riƙa hutawa. Nakan ce mata to. Ban taɓa tambayarta wa zai ɗaga ubanta idan na huta ba, don na san kuka za ta yi, sai kuma in koma rarrashinta.

Wata takwas yana kwance yana kallon rufi. Sai wata safiya ya nuna mini murhu da haɓa, ya ce in miƙo masa gawayi da wani guntun katako da ya rage a bayan ƙofa. Ya riƙe gawayin da hagu, ya yi ta fama har gumi ya keto masa. Abin da ya fito ya yi kama da kazar da mota ta taka. Ya ce mini kwasakwasa ce. Na yi dariya har da hawaye, shi ma rabin fuskarsa ya yi. Da na san abin da dariyar nan za ta jawo mini, da na haɗiye ta.

Cikin wata biyu katakan da ke gidan suka ƙare. Hannun hagun ya fara jin magana. Sai ya ce, "Tsohuwa, ruwa zai ja baya ƙarfe shida gobe." Washegari na ɗauki buhunsa.

Tafiyar da yake yi cikin sa'a guda, ni sai biyu da rabi, don gwiwoyina sun daɗe da fara yi mini gardama. Kuma ba ɗaukar katakon ne wahalar ba, dawowar ce. Da na ajiye buhu zai fara tambaya kamar alƙali. Kwasakwasa nawa na gani? In ce da yawa. Ya ce da yawa ba amsa ba ce. Wuyansu fari ne ko ja-ja? Suna tafe a jere ko a warwatse? Baƙaƙen tsuntsayen nan masu wutsiya kamar almakashi, suna can sama ne ko sun sauko ƙwace wa wasu kifi? Ramukan ƙaguwa suna kusa da ruwa ko sun hau tudu? In na rasa amsa sai ya kawar da kai ya ce wai ko kasuwa na je ba teku ba.

Dole ta sa na koyi kallo. Na zauna shekara sittin da uku a bakin tekun nan ban san cewa kwasakwasa takan karkata kai kafin ta faɗa ruwa ba, ban san ƙananan tsuntsayen da ke gudu a gaban igiyar ruwa sukan tsaya da ƙafa ɗaya idan sun ƙoshi ba. Ba zan ce ban ji daɗin sanin ba. Amma mai gajiya ko zuma aka ba shi, nauyin cokalin yake ji.

Haka muka yi shekara biyu. Ya zana, matar Don Crisanto ta kai kantin ƙanenta da ke bakin titi, baƙi su saya. Mutane suna cewa Eleuterio ya yi ƙoƙari, Allah ya ba shi zuciya. Gaskiya suka faɗa.

A hanyar bakin tekun akwai rumfar Zoila Quimis mai sayar da kifi. Tare muka yi makaranta, kuma tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba a yi habaici ba. Wata safiya a shekara ta uku, bayan na kwana ina juya shi saboda ciwon baya, na zo wucewa ta rumfarta ƙafata ta ƙi. Na ce bari in zauna a bencinta in ɗaure igiyar takalmi. Farkawa na yi na ga rana ta haura bishiyoyin kwakwa, an lulluɓa mini wani tsohon tawul a kafaɗa.

Zoila tana fere kifi, ba ta ko ɗago ba. Ta ce na yi minshari har na kore mata masu saye biyu. Na miƙe a firgice, na ce ruwa ya riga ya dawo, me zan kai masa? Ta shiga bayan rumfa ta ɓaɓɓalle wani tsohon akwatin kifi, ta zuba mini katakan a buhu, ta ƙara da kumba 'yan kaɗan daga kwandon shara.

"Ki ce masa kin ga tsuntsaye. Tsuntsu ai tsuntsu ne, ba rajista ake musu ba."

Na je na faɗa masa na ga kwasakwasa tara a jere. Ya saurara, ya zana tara. Washegari na sake zama a bencin. Kwana goma sha shida ina barci a rumfar Zoila, ina dawowa da labarin tsuntsayen bara. Rabona da barci irin wannan tun kafin Manta. Kunya tana damuna, amma sai in na farka.

Rana ta goma sha bakwai na zazzage buhu a gabansa, na fara ba shi labarin tsuntsaye masu shuɗin ƙafa da na ce na gani suna nutso a bayan Baƙin Dutse. Ya ɗauki katako ɗaya, ya juya shi, ya kai bakinsa ya lasa.

"Babu gishiri," ya ce. "Ƙusar ma ba ta yi tsatsa ba. Ki gaishe da Zoila."

Na yi tsaye, buhu a hannu.

"Tun ranar farko na sani. Na ce bari in ga ko za ki faɗa mini da kanki."

Da faɗa ya yi, da na ba shi haƙuri an wuce wurin. Sanyin da ya yi maganar da shi ne ya tunzura ni. Na jefar da buhun, na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa wa ko fada a coci ba. Na ce shekara uku ni ce hannunsa, ni ce ƙafarsa, ni ce bakinsa, yanzu kuma idonsa ma ni ce, to ni Hermelinda ina nawa jikin? Na ce tsuntsayensa sun ishe ni, teku ta ishe ni, warin fenti ya ishe ni. Na ce ko sau ɗaya bai taɓa tambayata yadda gwiwata ta kwana ba, amma ya san wuyan kowace kwasakwasa. Har na ce masa akwai safiyar da nake tsayawa a bakin kogi in ga motar Manta tana lodi, in ji kamar in shiga.

Ya ture katakon da hannun hagu, ya juya fuska bango.

Kwana uku gidan shiru. In ba shi abinci ya ci, in yi masa wanka ya miƙa hannu, amma bai nemi gawayi ba, bai ambaci ruwa ba. Na sami hutun da nake nema, ya tsaya mini a maƙogwaro.

Rana ta huɗu na gama masa komai, na ajiye masa ruwa da fo kusa da gado, na fita ba buhu. Ba teku na nufa ba, gidan nake gudu. Na wuce rumfar Zoila ban kalle ta ba. Na yi ta tafiya, kaina a ƙasa, ban lura da tsuntsu ko ɗaya ba, har sai da na ga yashi ya fara yin baƙi na gane na iso Dutsen.

Ungulaye na fara gani, guda biyar, sun yi da'ira suna jira. A tsakiyarsu wani tulin koriyar raga irin ta manyan jirage, rabinta a binne cikin yashi. Na ɗauka mushen kifi ne. Sai tulin ya yi numfashi, wani dogon huci kamar na tsohon da ya hau tudu.

Kunkurun teku ne, girmansa ya kai daron wanki. Ragar ta naɗe masa wuya da hannun gaba na hagu, zaren ya nutse cikin naman har ba a ganinsa. Bayansa ya bushe ya yi fari-fari, da ƙananan kumba manne a jiki. Idonsa yana zubar da wani ruwa mai kauri, yashi ya manne a kai. Na ja ragar da hannu, ta yanke ni. Na kori ungulayen, suka matsa taku uku suka tsaya.

Na ciro waya daga aljihun riga na kira Zoila, na ce ta zo Baƙin Dutse da wuƙar gyaran kifi. Ta tambaya ko wani na kashe. Na ce ta dai zo.

Ta fi rabin sa'a kafin ta iso, da laima a hannu ɗaya, wuƙa a ɗayan, tun daga nesa nake jin mitarta. Ta tsaya ta dubi kunkurun, ta dube ni.

"Ke yanzu kin bar majinyaci a gida, kin zo jinyar kunkuru? Wanda kike da shi bai ishe ki ba?"

"Riƙe mini kan."

"In riƙe kan ya cire mini yatsa? Lokacin kakata da tuni yana cikin tukunya da gyaɗa."

Tana faɗa tana durƙusawa. Ta yafa masa tawul ɗin da ke kafaɗarta a fuska don ya natsu, ta danne, ni kuma na shiga yanka. Zaren roba ne, wuƙar tana zamewa. Sai na bi shi ɗaya bayan ɗaya, ina cusa yatsa tsakanin zare da nama. Inda ya nutse sosai, da na ja sai jini ya biyo, kunkurun ya buga ɗaya hannun ya watsa mana yashi a ido da baki. Zoila ta tofar, ta zage shi, ta zagi mai ragar da uwar mai ragar. Rana ta take. Gwiwoyina suka daina ciwo suka koma kamar ba nawa ba. Muna cikin haka Zoila ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, ita ma lokacin jinyar uwarta ta taɓa fita sayen gishiri ta kai yamma a zaune a tashar mota.

Da muka cire zaren ƙarshe, bai motsa ba. Muka yi ta kwarara masa ruwa da tafin hannu. Ɗaga shi ya fi ƙarfinmu, sai muka tura ragar ƙarƙashinsa muka ja kamar masu jan buhun siminti, mu ja taku biyu mu tsaya mu huta. Allah ya taimake mu ruwa ya fara dawowa, ya tarye mu a hanya.

Igiyar farko ta ɗauke shi ta dawo mana da shi. Ta biyu ta kifar da shi, muka sha wuya kafin mu birkito shi. A ta uku muka shiga da shi har ruwa ya kai mana ƙugu, tsofaffi biyu da riguna suna yawo a kan ruwa, muka riƙe shi har ya fara buga hannun da ke da lafiya. Ya tafi a karkace, a hankali. Kansa ya ɓullo sau ɗaya kusa, sau ɗaya can nesa. Ko ya rayu, ko kifaye sun cinye shi kafin dare, ban sani ba. Zoila ta ce da wannan hannun ba zai kai Lahadi ba, sannan ta tsaya tana leƙen ruwan fiye da yadda na tsaya.

Ƙarfe ɗaya ta wuce lokacin da na tura ƙofar gida. Gadon ba kowa. Yana ƙasa tsakanin gado da ƙofa, a kan ɓarin da ya shanye, kofin ruwa ya kife, wandonsa a jiƙe, tururuwa suna bin gefen tabarma. Ya ce tun wajen goma yake nan. Wai ya ga na daɗe, ya so ya kai taga ya duba hanya.

Na sa hannu a hammatarsa na ɗaga, ko gezau. Na sake, bayana ya amsa. Sai kawai na zauna a ƙasa kusa da shi, rigata tana ɗigar ruwan teku, na rasa ko kukan ma ta ina zan fara.

"Bari, tsohuwa," ya ce. "Kira Crisanto."

Don Crisanto ya zo ya ɗauke shi ya mayar gado, ya yi kamar bai ga wandon ba, ya fita yana zancen tsadar man jirgi. Na ɗora ruwa, na wanke shi, na shafa masa man zafi a kafaɗar da ta kumbura. Ina cikin shafawa ya kama hannuna ya duba yankan da raga ta yi mini, ya sunsuna.

"Wannan kam teku ce." Ya saki hannun. "In kin ga dama ki faɗa mini. In ba ki ga dama ba, ki je ki kwanta."

Na faɗa masa. Bai katse ni ba har na kai ƙarshe. Sannan halin ya motsa, ya tambayi yadda zanen bayan kunkurun yake, falle nawa ne a tsakiya, bakin yana da lanƙwasa ko babu. Na fara kwatance da baki na ga ba zai yiwu ba, ga gajiya. Na jawo ɗaya daga katakan akwatin Zoila, na ɗauki gawayinsa, na ce ga shi nan dai. Na zana bayan, na zana kan da idon da yashi ya manne wa, na zana hannun yadda ragar ta yanke shi ya lanƙwashe ciki.

Ya karɓa ya daɗe yana dubawa. Ya ce kan ya yi girma. Na ce haka na gan shi, ni ce na durƙusa a gabansa ba shi ba. Ya sake dubawa.

"Hannun nan daidai ne. Wa ya koya miki?"

"Shekara arba'in ina shara a ƙarƙashin kujerarka kana yi. Ko jaki ne ai ya ɗauki wani abu."

Washegari shi ya sa wa zanen fenti, ni ina riƙe masa katakon. Bai rage girman kan ba.

Ba mu zauna mun yi wata yarjejeniya ba, amma daga nan fitata ta koma Talata da Juma'a kawai, kuma matar Don Crisanto takan zo ta zauna da shi tana tsince shinkafarta. Sau da yawa ni ke fitar da zanen da gawayi, shi ya bi da launi, don hannunsa ya fara rawa. Tambayoyinsa ba su ragu ba. Gwiwata kuwa ya tambaye ta sau biyu ko uku, a kunyace, kamar mai biyan tara. Gajiyar ba ta tafi ko'ina ba. Na dai daina ɓoye ta, in ta kai mini wuya in ce masa yau ba na iyawa, ya ce to.

Ya ƙara shekara ɗaya da wata biyu. Ya rasu wata safiyar Afrilu ana yayyafi, bayan ya sha kofinsa, ina waje ina kwashe shanya. Marisela ta zo ta yi sati biyu, ta so in bi ta Guayaquil, na ce a'a. Na zaci idan nauyin ya sauka zan yi barcin wata guda. Har yau ƙarfe biyar idona yake buɗewa, in kwanta ina sauraron gadon da ba kowa a kai.

Ina fita bakin teku in ƙafa ta yarda, ba kullum nake kaiwa Dutsen ba. Ina zane jefi-jefi. Tsuntsayena suna fitowa a sandare kamar an ce musu kada su motsa, launi kuma har yanzu bai ba ni haɗin kai ba.

Kwanakin baya Zoila ta matsa mini wai tunda da wuƙarta aka yi aikin, dole a yi zanen da take ciki. Na yi mata a kan wani faffaɗan katakon jirgi: mata biyu cikin ruwa har ƙugu, da abu baƙi a tsakaninsu. Ta rataye shi a rumfarta saman ma'auni. Duk wanda ya zo sayen kifi sai ta nuna masa ta ce ya duba yadda na mayar da ita ƙatuwa don hassada, alhali ni na fi ta ƙiba. Jiya na ce ta ba ni in gyara. Ta ce in zauna dai in sha kofi, kada in taɓa mata kaya.